Baba Tsaya-Haka, Wanda Ya Hana a Ɗauke Mana Inna

Kafin in ɗaga ƙofar shagona na kayan famfo, shi ya riga ya buɗe nasa. Shagon aski ne kawai tsakanina da shi. Da shara yake farawa, daga ciki har bakin titi. Sannan ya fito da labulen nan nasa mai zanen teku da jirgin ruwa, wanda rabin mutanen layinmu suka tsaya a gabansa aka ɗauke su hoto ba tare da sun taɓa ganin teku ba, ya kakkaɓe shi ya mayar. Sai ya jawo benci zuwa bakin ƙofa, ta gefen da rana ba ta dukan ido, ya zauna da kofin shayinsa da wani ɗan ƙyalle mai laushi a aljihun gaba. Ƙyallen nan shi ne babban kayan aikinsa yanzu. Tsohuwar kyamarar tana ciki a lulluɓe, ba ta ganin waje sai wani ya zo neman hoton fasfo.

Mai hoto ne, amma ba mai kiransa haka sai mahaifiyata. Mu Baba Tsaya-Haka muke ce masa. Asalin sunan kuwa, shi ba ya cewa mutum ya yi murmushi. Hira zai ja ka da ita, ya tambaye ka yara, ya tambaye ka ina ka sayi wannan takalmin da kuma ko mai sayarwar ya gudu, har ka manta abin da ya kawo ka. Yana ganin fuskarka ta koma taka, sai ya danna. Bayan ya gama ne zai ɗaga hannu ya ce, "Tsaya haka!" Kai kuma ka turo ƙirji, ka shanye tumbi, ka daina numfashi, alhali aiki ya ƙare tuni. Na taɓa tambayarsa amfanin faɗar hakan bayan an riga an ɗauka. Ya ce, "Mutum yana so ya ji shi ma ya taɓuka wani abu."

Ƙarshen watan nan zai rufe shagon. Idonsa ƙalau, har yanzu daga bencinsa yana iya gaya maka ka juya rigarka. Hannu ne ya fara rawa, kuma ya ce mai hoton da hannunsa ke rawa gara ya sauka da mutuncinsa kafin ya fara ba mutane hanci biyu. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ni ba marubuci ba ne, abin da na iya shi ne bambanta bututun da zai yi yoyo da wanda zai jira sai ka biya mai gyara ya tafi sannan ya yi. Amma yabon gwani ya zama dole, kuma gara a yi shi mai shi yana ji.

Lokacin da kyamara ta shigo aljihun kowa, na ga yadda abokan sana'arsa suka yi. Wasu suka koma sayar da caja, wasu suka zauna suna tsine wa waya da wanda ya ƙirƙiro ta. Shi kuwa benci ya fitar. Ya ce in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza, kuma tunda kowa ya zama mai hoto, aƙalla a samu mai gaya musu inda haske yake. Tun daga nan, duk wanda hoto ya ba shi kunya a waya, bencin nan yake nufa. Abu na farko da Baba ke yi, kafin ma ya amsa gaisuwa sosai, shi ne ya karɓi wayar, ya zaro ƙyallensa, ya goge idon kyamarar. Yana cewa rabin munin da mutane ke ɗora wa kansu, maiƙon yatsa ne.

A tambayi mai ɗinkin da ke ƙarshen layi. Riguna take ɗinkawa tana ɗorawa a sitatus, amma kullum sai an dawo mata da kaya, wai shuɗi aka gani a waya, aka kawo kore. Baba ya duba ya ce, "'Yata, kin ɗauka a ƙarƙashin ƙwan lantarki, kin ƙara da filasha. Rigar ma ba ta san launinta ba." Ya sa ta fito da ita bakin ƙofa da safe, a inuwa, ta rataye jikin bangon da ba kwalliya, ta kashe filasha, ta kuma kawar da bokitin wanki da ya daɗe yana fitowa a kowane hoto kamar abokin kasuwancinta. Yanzu mata daga unguwannin da ba ta taɓa takawa ba suna aiko mata da awo. A tambayi kafinta ma, wanda kujerunsa a hoto duk kamar za su faɗi, don a karkace yake riƙe waya. Baba ya kunna masa layukan nan da ke raba allo, ya ce ya daidaita ƙafar kujera da su. Kafinta ya ce shekara da shekaru yana zargin ƙasan shagonsa.

Amma ni abin da ya yi wa gidanmu nake so in ba da labari.

Mahaifiyata, Inna, a wurina take zaune. Ɗakinta yana can ƙuryar gida, da taga ɗaya mai kallon tsakar gida, da rediyonta, da tukwanen shukarta a bakin ƙofa, da wata tsohuwar maƙwabciya da suke hira ta kan katanga tun ina rarrafe. Ni ne ɗan autanta. Furfura ta cinye min kai, gwiwa tana ƙara in zan tashi, amma a gidan nan har gobe Auta nake. Yayata kuwa, babbarmu, tana aure can nesa, inda sai an kwana a hanya. Ita ta kafa doka a guruf ɗin gida cewa duk mako in turo hoton Inna.

Na riƙa turawa da zuciya ɗaya. Sai na taso daga shago da yamma, hannu duk maiƙo, in shiga ɗakin. Inna tana zaune bakin gado, tagar tana bayanta. Ni kuma ba a yi min tarbiyyar tsaya wa uwa a ka ba, don haka sai in durƙusa a ƙasa, in ɗago waya sama, in ce, "Inna, yi dariya." Ita kuma ta ɗaure fuska kamar an ce ta ba da aron rediyonta. Abin da ke isa guruf shi ne wata baƙar inuwa mai haɓa da ƙofofin hanci, a cikin hayaƙi.

Da farko Yaya ta fara da, "Inna ta rame ne?" Na ce ƙalau take. Mako na gaba ta ce, "Me ya sami idonta?" Na ce ba komai. Muka gwada kiran bidiyo, Inna ta karɓe wayar ta manna a kunne, Yaya ta yi ta hira da kunnen har layi ya yanke. Inna ta faɗa mata da bakinta cewa lafiyarta lau, Yaya ta ce, "Inna ko a gadon asibiti take haka za ta ce." Daga nan na yi dabara irin tawa. Na sami wata kwalliya a wayar mai goge tamoji da haskaka fata, na shafa wa Inna ita son raina, na tura, na zauna jiran yabo.

Saƙon murya ya shigo tun ban ajiye wayar ba.

"Auta! Kumburi take yi? Fuskar Inna ce wannan ta yi sumul kamar balan-balan? Kai kana can kana sayar da bututu, uwarka tana kumbura! To ka ji, ƙarshen wata zan zo da mota in ɗauke ta. Ka haɗa mata kayanta. Magana ta ƙare."

In Yaya ta ce magana ta ƙare, to ta ƙare. Ita ta goye ni, kuma ba ta taɓa bari na manta ba.

Da na gaya wa Inna, ba ta yi faɗa ba. Ta kashe rediyo, abin da ba ta cika yi ba. Ta taɓa zuwa gidan Yaya ta yi wata guda, a can saman bene, ba tsakar gida, ba maƙwabciya, kowa ya fita aiki a kulle ta da talabijin. A wannan zuwan ne ta kwanta ciwo na gaske. Ta dube ni ta ce, "Auta, in aka fitar da ni daga ɗakin nan, to a sannan ne za ku ga hoton da kuke nema." Daga ranar ta rage cin abinci. Wato hotunan da na ɗauka na ƙarya sun kama hanyar zama gaskiya.

Matata ce ta ce, "Maigida, kai da kake maƙwabtaka da mai hoto kullum, sai ka ce ba ka san hanyar bencinsa ba?" Washegari na tafi, na ce, "Baba, ka taimaka ka ɗauko babbar kyamara mu je gida."

Ya miƙo hannu, na ba shi waya. Ya goge idonta, ya duba ƙyallen, ya dube ni. Sannan ya buɗe hotunan. Ya daɗe yana kallon na farko, ya juya wayar ta wannan gefe, ya juya ta wancan.

"Wannan mene ne?"

"Mahaifiyata ce, Baba."

"Allah ya ba ka haƙuri, mai famfo. Na ɗauka buhun gawayi ne aka jingine a taga."

Da ya kai kan mai kwalliyar, sai ya ajiye shayinsa. "Wannan kuma ƙanwarka ce?"

Na zayyana masa komai. Ya ce zai zo, amma ba da kyamara ba. "In na ɗauka maka yau, mako mai zuwa fa? Yayarka ba yarinya ba ce, za ta ce ka yi hayar hoto. Kuma dubi nan." Ya ɗaga hannunsa na dama, na ga yana kaɗawa a hankali kamar ganye. "Ni zan tafi, wayar nan tana wurinka. Kai za ka ɗauka. Kuma ba da yamma ba. Da safe, kafin rana ta yi fushi."

Ya zo da safe, ya yi sallama, ya tsaya a tsakar gida yana kallon bango da sama kamar mai neman inda ruwa ke yoyo. Inna ta leƙo ta ce, "A'a, Mai hoto, kana nan da rai?"

"Ina nan, Innar Auta. An ce kin kumbura, na zo dubiya."

"Ɗan da na haifa ne ya hura ni."

Ya tambaye ta ina take zama da safe in ba wanda ya dame ta. Ta nuna bakin ƙofarta, gefen tukwanen shuka, inda take ɗinke-ɗinkenta. Ya ce to ta zauna nan, ta ci gaba da abin da take yi, ba ruwanta da mu. Hasken safiya yana sauka a fuskarta ta gefe, ba ya bayanta. Ya sa na cire shanyar da ke kan igiya a bayanta, har da wani gajeren wandona da ya ce duniya ba ta shirya ganinsa ba.

Na zo zan durƙusa kamar yadda na saba, ya riƙe min kafaɗa. Ya aiki matata ta kawo ƙaramar kujera, ya ajiye a gaban Inna, ya ce in zauna. Na zauna, sai ga idona daidai da nata.

"Ka gani? Ba ka tsaya mata a ka ba, ba ka kuma leƙa mata hanci ba. Ladabi bai ce ka ɓata wa uwarka fuska ba."

Na sa yatsu biyu zan jawo hoton kusa, ya buge min hannu. "Ƙafa gare ka. Matsa da kujerar." Ya sa na manne gwiwar hannu a haƙarƙari don kada wayar ta yi rawa, na dangwala fuskar Inna a allo har ta fito tar. Ya ce kada in ce mata komai, in jira, in na ji ya taɓa ni in danna, in yi ta dannawa kada in tsaya.

Inna ta ɗauko allura da zare. Tabarau ba ya cikin kayanta, ta ce na tsofaffi ne. Ta ɗaga allurar sama wajen haske, ta lashi bakin zaren. Baba ya zauna a gefe kamar wanda ya zo hira kawai.

"Innar Auta, har yanzu kina riƙe da ni kan hoton nan da na yi muku ke da marigayi maigidanki, ina sabon shiga, na yanke masa hula?"

"Hula kaɗai? Da rabin goshi! Mutumin nan ya sayi sabuwar hula saboda hoton, ya kwana yana gyara mata kari, ka mayar da shi kamar an rufe tukunya!"

Ta fashe da dariya, irin wadda take yi da maƙwabciyarta ta kan katanga, zare ya riga ya shige kafar allura, hannunta a sama. Na ji yatsa a kafaɗata. Na danna, na danna, na danna. Sai da ta gama dariyar tana share ido, Baba ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya haka!" Inna ta gyara zama, ta ɗaure fuska. Ba wanda ya gaya mata an gama.

Ya sa na zaɓi guda ɗaya tak. Ya ce wanda ya tura hoto ashirin bai yarda da ko ɗaya ba. Ya hana ni taɓa kwalliyar nan, ya ce tamojin fuskarta ba datti ba ne da za a goge. Sannan ya ce in nuna mata kafin in tura, domin fuskarta ce, ba tawa ba. Inna ta karɓa, ta nisanta wayar, ta matso da ita. Ta ce, "Ashe haka nake." Ta ƙara da cewa in tura, amma ɗankwalin ya ɗan karkace, kuma laifina ne.

Na tura. Ina ganin alamar Yaya ta buɗe, ba ta ce komai ba. Na je shago, na sayar wa wani mutum kan famfo da bai dace da bututunsa ba, ya dawo, na canza masa, har yanzu shiru. Sai wajen azahar saƙon murya ya shigo.

"Wannan ita ce Inna. Haka take yi in tana ba mahaifinmu haushi." Na ji tana jan hanci. "Har yanzu ita ke sa zare da kanta? Ni da tabarau ma sai na kira yara." Sai ta ƙara da, "Wa ya ɗauka?"

Na ce ni ne.

"Ƙarya kake, Auta."

Na ce ta tambayi Inna.

"To, ka ji. Zuwa dai ina nan zuwa ƙarshen wata. Amma kada ka haɗa kayan kowa. Ni za ka gyara wa ɗaki, kwana biyu zan yi muku. Kuma wannan ƙofar da ke bayanta, fentin duk ya ɓare, ba ka jin kunya?"

Wannan ita ce illar hoto mai kyau, komai fitowa yake yi. Na yi fentin. Yaya ta zo, ta yi mana mulki, ta koma. Inna tana ɗakinta. A daren da saƙon ya zo ma sai da ta nemi ƙarin abinci, ta kuma ƙure rediyo har maƙwabciya ta buga katanga.

Baba, kai ne ka ga sana'arka ta zube a hannun kowa, ba ka yi ƙyashi ba, ka bi mu da ƙyalle kana goge mana ido. Kai ne ka koya wa layi guda cewa a juya fuska wajen haske, a matsa kusa, a jira mutum ya koma kansa. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Kai ka nuna mana cewa fuskar ma sai an iya tambayarta, in ba haka ba ta ba da labarin da ba nata ba, har a raba tsohuwa da ɗakinta. Gwani na bakin benci, mai ido ba na ganin ƙyashi ba. Ba a taɓa kiranka gaban taro an miƙa maka komai ba, sunanka ba ya ƙasan ko ɗaya daga hotunan da ke yawo a wayoyinmu, amma duk wanda ya fito da kyau a cikinsu, da hannunka a ciki, ko da hannun yana rawa. Mun gode. Inna ta gode, Yaya ma ta gode, ko da yake ita ba ta faɗa, sai dai ta ce a gaishe ka.

Ku kuma masu karatu, kowa a cikinmu akwai ranar da zamani zai shigo shagonsa ba sallama. In ta zo, ku tuna da mutumin da ya fitar da benci. Wanda ya iya abu ya koya wa na kusa da shi tun hannu bai fara rawa ba. Kuma don Allah, kafin ku ɗora hoton iyayenku a guruf, ku goge idon wayar.

Shekaranjiya na lura cewa a duk hotunan da ke manne a bangon shagonsa, babu nasa ko ɗaya. Na ce, "Baba, zauna nan." Na goge idon wayata, na juya Baba wajen haske, na kawar da tsintsiya, na jawo kujera, na manne gwiwar hannu. Na tambaye shi wa ya fi ba shi wahala a duk waɗanda ya koyar. Ya dube ni ya fara dariya, na danna. Sannan na ɗaga hannu na ce, "Tsaya haka!" Wallahi sai da ya turo ƙirji.

Ya karɓi wayar ya duba da kyau. Ya ce hasken ya yi, fuskar ta yi, bayan ma ba laifi.

"Amma mai famfo, ka yanke min hula."

Na kai wa Inna hoton, tana zaune a bakin ƙofarta mai sabon fenti, na ce zan goge in sake wani. Ta riƙe min hannu.

"Kada ka kuskura. Yau aka rama wa ubanka."